Gurasar Baba Siraj

Shekara talatin da ɗaya ke nan ina zaune bakin tanderu a ƙauyenmu, can ƙasan Jhang, ina gasa wa mutane gurasa. Kowace mace takan kwaɓa garinta a gida, ta cura, ta kawo mini a faranti kafin azahar, ni kuma in manna a tanderu. Sunana Bakhtawar, amma babba da yaro Masi Bakhtan suke ce mini, wato Inna Bakhtan. Ban iya rubuta sunana ba, sai dai babu gidan da ban san yawan bakunan da ke cikinsa ba. Mutum ya yi wa liman ƙarya, ya yi wa ɗan sanda, amma kwaɓin gidansa ba ya ƙarya. Abin da aka yi wa Baba Siraj Din a kan idona aka yi shi, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Shi ya sa duk wanda ya zauna kusa da ni sai ya sha labarin.

Gidansu curi goma sha huɗu ne kullum. Biyu na tsohon, huɗu na ɗansa Liyaƙat, biyar na jikansa Tanwir, wanda ya ba shekara ashirin da huɗu baya bai taɓa riƙe lauje ba. Ukun da suka rage na Shamshad matar Liyaƙat ne, mai gaya wa duniya wai ita guda ɗaya take ci saboda ciwon ciki.

A tsakiyar bazara aka sace ɓaunar Mehr Nawaz, na ƙauyen da ke hayin gada. Baƙa ce wuluk, mai cika bokiti da madara safe da yamma, sunanta Kajli. Mai bin sawun da aka ɗauko sabon shiga ne. Ya biyo sawu har kan gada, ya iske kwalta, ya tsaya yana sosa ƙeya. Amma kowa ya san garin da gadar ta dosa, kuma kowa ya san halin Tanwir.

Da hantsi motar 'yan sanda ta tsaya ƙofar gidan, daura da tanderuna. Tanedar Aftab, shugaban caji ofis ɗin yankinmu, ya sauko yana gyara ɗamara. Aka ce masa Tanwir ya tafi birni tun jiya, ba a san inda ya sauka ba.

A wajenmu in an zo kamu ba a sami mutum ba, ba a komawa hannu rabbana. Sai a tafi da wani nasa a ajiye, har kunya ta fito da mai laifi. Ba a rubuce yake a ko'ina ba, amma ya fi abin da ke rubuce aiki.

"To Liyaƙat, ɗauko takalminka," in ji Tanedar.

"Sahib, da gudu ma zan bi ka. Sai dai yau da la'asar ne layina na ban-ruwa. In ya wuce ni sai wani mako, audugar nan ta ƙone. Gwamnati ma ai tana son auduga."

Shamshad ta leƙo daga bayan ƙyaure, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. "Ga Abba ji nan a zaune, ba aikin fari ba na baƙi. Zaman da yake yi a nan shi zai yi a can. Can ma har fanka gare su."

"Kuma wa zai taɓa mai farin gemu?" in ji Liyaƙat. "Ni in na je jibgata za a yi. Shi kuwa girmama shi za a yi."

Baba Siraj yana kan gadonsa na igiya a bakin ɗakinsa, yana jin su. Shekara arba'in ya yi yana koji, wato mai bin sawun dabbar da aka sace, har daga wasu gundumomi ake zuwa ɗaukarsa, kafin yanar ido ta rufe masa gani. Ya lalubi sandarsa ya miƙe.

"Puttar, ɗana," ya ce wa Liyaƙat, "a kula mini da ɗakin. Akwatin mahaifiyarka na ƙarƙashin gado, kada ɓera ya shiga."

A ɗakin nan matarsa Rehmat Bibi ta cika, a kan gadon nan. A akwatin kuwa mayafinta ne da likkafanin da ya tanadar wa kansa. Ya sha gaya mini cewa ba abin da ya rage masa na buri sai ya mutu inda ta mutu. Na dube shi yana hawa bayan mota, ɗan sanda na tura shi ta ƙugu.

Ba a sa shi a bayan kanta ba, don sa mutum a bayan kanta sai an rubuta sunansa. A tsakar caji ofis aka ajiye shi, kan wani benci ƙarƙashin bishiya. Fankar da Shamshad ta yi masa albishir da ita tana nan, gaskiya ne, a ofishin Tanedar.

Washegari Shamshad ta kawo faranti. Na ƙirga da ido, sha huɗu cif.

"Ke 'yar nan, ba an ce Tanwir yana birni ba? Biyar ɗin nan na wa?"

"Liyaƙat ne, Masi. Shi in baƙin ciki ya kama shi ci yake yi."

"Allah ya yaye masa kafin rumbu ya ƙare," na ce.

Ta naɗe biyu a tsumma, ta ce tun da gidan 'yata yana hanyar caji ofis, in miƙa wa Abba ji. Haka na zama mai kai abinci ba wanda ya naɗa ni. Kwana uku na farko har da man shanu da ɗan wake. A na huɗu gurasa da albasa. A na shida sai ga curi goma sha biyu.

"Ina na tsohon?"

"Ai na ji ana ba su abinci a can. Abincin gwamnati, har da nama ranar Juma'a. Kuma kin san shi da ciwon sukari, yawan ci ba shi da kyau a gare shi."

Daga ranar da garina nake gasa masa. Na tambayi maganinsa, ta ce kwalbar ta ɓace. Na tambayi Liyaƙat yaushe zai je ya dubo ubansa, ya ce in ya nuna fuskarsa a can za a riƙe shi, gida ya rasa namiji, ko haka nake so?

'Yan sandan kuwa ba su doke shi ba, Liyaƙat ya yi gaskiya a nan. Amfani kawai suka samo masa. Shi ke ɓare musu tafarnuwa, shi ke tsince shinkafa da laluben yatsu, shi ke gadin takalma in sun shiga masallaci. Zafi kuwa na watan da kare ke neman rijiya ne. Ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya daina shiga, tari ya sarƙe shi, gemunsa ya yi jajir da ƙura.

Wata rana na sami Tanedar yana shan shayi cikin nishaɗi, na yi ƙarfin hali na ce, "Sahib, tsohon nan fa ba shi ya saci ɓauna ba."

"Wa ya ce an saci ɓauna? Munshi, an rubuta?"

Munshi Ilyas, magatakardan ofishin, ya ɗago kai daga babban littafi. "Ba a rubuta ba, Sahib."

"Kin ji ko, Masi. Wata uku ke nan ba a yi sata ko ɗaya a yankina ba. In na rubuta yau, gobe a kira ni birni a wanke ni tas, a ce laifi ya ƙaru. In na samo ɓauna tukuna sannan na rubuta, sai a ce Aftab ƙwararre ne. Aiki da hankali ake yin sa."

"To shi Baba ji, a wane shafi yake?"

"Wane Baba ji? Ni ban tsare kowa ba. Dattijo ne ya zo shan inuwa."

Rana ta tara aka yi abin dariya, ko da yake ni kuka ya so ya ba ni. Alƙalin da kan zagaya duba caji ofis ya iso ba sanarwa. Wani ɗan sanda ya hango motarsa a kwana ya shigo da gudu. Ba lokacin ɓoye mutum. Nan da nan Munshi ya cafko Baba Siraj, ya zaunar da shi kan kujera a ƙarƙashin fanka, ya yafa masa tawul mai tsabta, ya ajiye masa shayi da alewar madara, shi kuma ya durƙusa yana matsa masa ƙafa.

"Wannan fa?" in ji alƙali.

"Mahaifina ne, ranka ya daɗe. Ya kawo mini ziyara daga ƙauye."

Alƙali ya ji daɗi ƙwarai. Ya duba littafi ya ga ba laifi, ya leƙa bayan kanta ya ga ba kowa, ya yaba wa Munshi da biyayyar iyaye, ya ce samarin yanzu su yi koyi. Ya sha lemo ya tafi. Kafin ƙurar motarsa ta lafa an mayar da tsoho benci, an karɓe tawul.

"Baba ji, don me ba ka buɗe baki ba?" na ce masa. "Ga alƙali har gabanka."

"In ce masa me? In ce ɗana ne ya kawo ni?" Ya shafa gwiwa. "Yaron nan ya iya tausa, Bakhtan. Na fi shekara goma rabon da wani ya taɓa mini ƙafa."

Rana ta goma sha uku ya faɗi a bakin famfo. Aka yayyafa masa ruwa ya farfaɗo, amma Tanedar ya tsorata, don gawa ba ta ɓoyuwa a littafi. Ya aika aka zo da Liyaƙat, aka yi masa alkawarin ba za a riƙe shi ba. Ya zo da farar riga da zakara a hammata.

"Ɗauki ubanka ka tafi," in ji Tanedar. "Na yafe."

Liyaƙat ya dafa ƙirji. "Sahib, kada ka yi haka. In ka sake shi, ɗan banzan yaron nan ba zai taɓa fitowa ba. Kakansa ne kaɗai yake jin kunya. Ni ina tare da doka, ko da a kan mahaifina ne. A ƙara masa mako guda."

Ko Tanedar sai da ya dube shi sau biyu. Ya karɓi zakaran dai. Baba Siraj yana kan benci, taku biyar tsakaninsu, idonsa ne ba ya gani amma kunnensa ras. Liyaƙat ya wuce ta gabansa ya ce, "Abba ji, a yi haƙuri, an kusa," ya fice.

Na zauna kusa da shi. Can ya ce, "Curi nawa suke kawowa?"

"Sha biyu."

Ya gyaɗa kai. Ya san lissafin gidansa, ya san Tanwir na nan a ciki tun ranar farko. "Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar," ya ce. "Bar su."

Ni kuwa bakina ba ya barin abu. "Na bar su. Sai dai surukarka ta zama gwanar kandilo. Bangon ɗakinka na waje ta cika shi tun daga ƙasa har sama, yanzu ta fara na makwabta."

Duk macen ƙauye takan tara kashin dabbarta, ta cura, ta manna a bango ya bushe don girki. Shamshad kuwa da ta zubar da kashin dabba gara ta zubar da haƙorinta. Ɓauna ɗaya gare su, tsohuwa, wadda ta daina ba da madara. Shekara da shekaru rabin bango take cikawa.

Baba Siraj ya juyo da fuskarsa gare ni. "Tagar ɗakina a buɗe take?"

"An toshe ta da buhu."

"Gadona fa?"

Na so in yi ƙarya, na kasa. "Yana kan soro, kaji na kwana a kai."

"Akwatin?"

"Shi ma yana can, a rana. Murfin a karkace."

Sannan ya ce gobe in ɓamɓaro masa kandilo biyu, ɗaya daga ƙasan bango, ɗaya daga sama.

Na kawo su a buhu. Munshi ya tare ni a ƙofa ya ce sai ya bincika, ya zura hannu da zaton alewa ce, ya zaro ya yi ta tsaki. Baba Siraj ya karya na ƙasan ya murza. "Ƙaiƙayi da kara. Tamu ce." Ya karya na saman, ya murza, ya sansana, ya tsinto wani abu da farce. "Angurya. Nawaz ne kaɗai ke ba dabba angurya a ƙasar nan, kuma ba ta cin abinci sai da ita. Har abincinta suka sayo mata." Ya kaɗe hannu. "Ashe ba don Tanwir ya fito aka ajiye ni a nan ba. Ɗakina ake buƙata."

"Sai ka gaya wa Tanedar."

"Koji ba ya kai tsegumi, Bakhtan, kuma ba ya kiran sunan ɓarawo. Sawu yake bi. Inda sawu ya ƙare ya kafa sandarsa, sauran na hukuma ne."

Washegari da safe, kwanansa goma sha biyar, ya ce da Tanedar a kai shi gada zai gwada sa'a. Tanedar ya yi dariya, ya ce sawun mako biyu, a kan kwalta, ga makaho. Amma birni sun fara tambaya, don Nawaz ya kai kuka can, sai ya ce a gwada, da tsohuwar zuma ake magani. A gaban mota aka zaunar da shi wannan karon.

Kafin a sauke shi labari ya zagaye ƙauyuka biyu. Na rufe tanderuna na bi sahu. Baba Siraj ya tsaya a kan gada ba takalmi, ya durƙusa, ya shafa kwalta, ya sansana iska, ya ce, "Nan ta yi turjiya." Jama'a suka ce Allahu akbar. Ya yi gaba yana dogara sanda, Tanedar da Nawaz na biye, mu kuma muna bayansu. In ya yi taku ashirin sai ya tsaya ya zana da'ira a ƙasa, ya girgiza kai, ya ce ɓarawon rago ne, ba ya ɗaga ƙafa. Sabon mai bin sawun nan har rubutawa yake yi a takarda.

Na matsa kusa na yi ƙasa da murya. "Baba ji, tsakaninka da Allah me kake gani?"

"Ko tafin hannuna ba na gani. Hanyar gida nake bi."

Liyaƙat na tsaye a ƙofa da muka ɓullo. Na ga yadda fuskarsa ta sauya, kuma ba zan ɓoye ba, na ji sanyi a raina.

"Abba ji, ina za ka da mutane haka? Gidanmu ne nan."

Tsohon ya ci gaba da tafiya. Ya raɓa shi ya shiga, ya ratsa tsakar gida, ya tsaya a ƙofar ɗakinsa da ke garƙame da sabon kwaɗo. Ya ɗaga sanda ya kafa ta a ƙasa, ya ja da baya.

"Auduga ce a ciki," in ji Shamshad. "Mukullin ya ɓace."

Nawaz ya kara baki a jikin ƙyaure. "Kajli. Kajli, 'yata."

Daga ciki aka amsa da wani kuka da ya girgiza ƙyauren. A daidai nan muka ji dirim a bayan gida. Tanwir ne ya diro daga soro ya faɗa gonar rake. Wani ɗan sanda mai tumbi ya bi shi taku goma don a shaida, ya dawo yana haki.

Aka fasa kwaɗo, aka fito da Kajli ta yi ƙiba abinta. Tanedar ya umarci Munshi ya rubuta cewa an yi sata jiya, an gano ta yau. Sannan ya dubi mutan gidan. "Yaro ya sake gudu. Wa za mu tafi da shi?"

Wallahi Shamshad sai ta buɗe baki. "Ai tun da Abba ji ya riga ya saba da wurin..."

"Liyaƙat," in ji Tanedar, "ɗauko takalminka. Kai kam har shafi zan ba ka."

"Sahib, ban-ruwa..."

"Je ka, puttar," in ji Baba Siraj a hankali. "Zaman da kake yi a nan shi za ka yi a can. Har fanka gare su."

Yini guda muka yi, ni da 'yata, muna kwashe kashi daga ɗakin. Muka wanke, muka yaɓe ƙasa da sabon yumɓu, muka turara. Aka sauko da gado. Akwatin ne ya ba ni haushi, don kaji sun ɓata mayafin Rehmat Bibi, rana kuma ta cinye gefen likkafanin. Ya shafa su, ya ninke da kansa, ya mayar ƙarƙashin gado.

An rubuta ɓauna, an rubuta Tanwir, an rubuta Liyaƙat, har Tanedar ya sami takardar yabo. Kwana goma sha biyar ɗin Baba Siraj ne ba su shiga littafin kowa ba. Na tambayi Munshi ko akwai dokar da ta hana ɗa ya ba da aron ubansa don ya sami wurin ɗaure dabba. Ya ce shi dai bai ci karo da ita ba.

Washegari Shamshad ta dire faranti a gabana, ido a kumbure. Curi bakwai, uku nata, huɗu na mijinta da za a kai caji ofis.

"Ina na tsohon?"

"Wanda ya kai ɗansa ga hukuma, hukuma ta ciyar da shi."

A gabanta na haɗe bakwai ɗin wuri guda, na sake curawa suka zama tara, na manna. Biyun da suka fi kyau na naɗe na tsallaka da su.

Na same shi zaune kan gadonsa, ƙafafu a cikin ruwan ɗumi. Ya karɓa, ya gutsuri ɗaya ya ci a hankali. Ɗayar ya mayar cikin tsumma ya miƙo mini.

"Ki haɗa wa Liyaƙat da wannan. Huɗu ba sa isarsa in yana cikin damuwa, kuma wurin nan ba a iya zamansa da yunwa."

"Baba ji, bayan duk abin da ya yi maka?"

"Ni na san wurin, Bakhtan. Shi bai sani ba tukuna."

Na kai masa. Amma sai da na bari ta huce.